Gambo Sawaba: Matar da Ta Sha Ɗauri Sau 16 Don Matan Arewa Su Samu Ƙuri'a

Ranar 8 ga Agusta, 1950, mutum takwas suka haɗu a Kano suka kafa jam'iyyar da ta hana Turawan mulkin mallaka da hukumomin En'e barci. Ita ce NEPU, wadda talakawa suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. A cikin takwas ɗin nan akwai ɗan ƙasar Ɗanbatta, Magaji Ɗanbatta, matashin ɗan jarida wanda a lokacin bai cika shekara 20 ba. Sauran su ne Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Maitama Sule, Mudi Sipikin, Musa Kaula, Abdulƙadir Ɗanjaji da Baballiya Manaja. Dukkansu maza ne, kuma a wancan zamani babu wanda zai yi mamakin haka, domin siyasa ba a ɗauke ta harkar mata ba.

Ba a jima ba sai wata yarinya marainiya a Zariya ta je ta yanki katin wannan jam'iyya. Karatunta bai wuce firamare ba, ba ta da uba mai sarauta, ba ta da miji mai dukiya. Amma kafin shekara goma ta zagayo, babu lungun da sunanta bai shiga ba a Jihar Arewa. Duk macen da ta taɓa dangwala yatsa a takardar zaɓe, daga Ajumawa zuwa Fagwalawa, daga Kore zuwa Saidawa a ƙasar Ɗanbatta, tana cin gajiyar wahalar da Hajiya Gambo Sawaba ta sha, ko ta san sunanta ko ba ta sani ba.

Marainiyar Zariya

An haife ta ranar 15 ga Fabrairu, 1933, aka raɗa mata suna Hajaratu. Da yake tagwaye ta biyo, sai ake kiran ta Gambo kamar yadda al'ada ta tanada. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin ƙasar Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Najeriya, ya zauna a Zariya, ya musulunta. Mahaifiyarta Fatima Banufiya ce daga yankin Lavun a Jihar Neja ta yanzu. Ta tashi ke nan a gidan da ya haɗa jini biyu da harsuna daban-daban, a garin da layin dogo ya tara Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe wuri guda. Wannan ya bi ta har ƙarshen rayuwarta, domin ba a taɓa sanin ta da tambayar ƙabilar mutum kafin ta taimake shi ba.

Masu ba da tarihinta sun ce tun tana ƙarama ba ta iya wuce faɗa. In ta tarar babba yana dukan ƙarami, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta karɓi faɗan. Ta sha komawa gida da riga a yage, har aka ce mahaifiyarta ta gaji da ɗinki ta koma yi mata riga da tamfol.

An sa ta a makarantar firamare ta En'e da ke Tudun Wadan Zariya. A 1943 mahaifinta ya rasu, tana da shekara 10, karatu ya tsaya. Bayan shekara uku mahaifiyar ma ta bi shi. Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, Abubakar Garba Bello. Tana ɗauke da ciki ya tafi, bai sake dawowa ba. A 1949 ta haifi Bilkisu, 'yarta ɗaya tilo. Ta sake yin aure daga baya, amma zaman bai ɗore ba.

Wannan ita ce makarantar da ta yi. Yankewar karatu, auren ƙuruciya, haihuwa ba miji a kusa, neman na abinci da hannunta: duk abin da ta zo tana magana a kai daga baya, a jikinta ta fara karanta shi. Shi ya sa in ta tsaya gaban mata ba ta buƙatar takarda.

Arewar da ta tarar

Matashin yau da ya saba zagin gwamna a Facebook ya kwana lafiya a ɗakinsa zai yi wuya ya gane irin ƙasar da Gambo ta shiga siyasa a cikinta. A wancan lokaci Bature yana sama, Sarki yana ƙarƙashinsa, sai hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa. 'Yan doka na En'e ne, kotun alƙali ta En'e ce, gidan yari ma na En'e ne. Wanda ya kama ka da wanda zai yi maka shari'a da wanda zai tsare ka duk a hannu ɗaya suke.

A ƙasar noma irin ta Ɗanbatta da Kazaure da Bichi, gyaɗa ce kuɗi. Manomi ya noma ta, a auna a tafi da ita Kano, a jera buhunanta a yi dala, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Legas. Abin da ya rage a hannunsa kuma haraji na jiran sa, Bafulatani jangali na jiran sa, ga aikin tilas na gyaran hanya. Wanda ya kasa biya ya san abin da zai biyo baya. Wannan ne ya sa kiran NEPU ya shiga kunnen talaka da sauri, musamman bayan Malam Aminu Kano ya karɓi shugabancinta a 1953.

Zaɓen ma ba kai-tsaye ake yin sa ba. A 1951 hawa-hawa aka yi shi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma a matakin ƙarshe En'e tana da damar cusa nata mutanen. 'Yan NEPU sun yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma da aka kai ƙarshe babu ko ɗaya da ya shiga majalisar Kaduna. Namiji ke nan, wanda aka yarda yana da ƙuri'a. Mace kuwa ko a lissafi ba ta.

Daga zaure zuwa tsakar gida

A Zariya a ɓoye 'yan NEPU suke taro a farkon lamari, saboda tsoron 'yan doka. Gambo ta shiga cikinsu tana ƙasa da shekara 20. Labarin da ya fara fito da ita shi ne na wata lacca da aka yi a garin, inda ta ratsa taron maza ta hau dandamali ta yi magana, a lokacin da manya da yawa suka gwammace su yi shiru. Daga nan sunan jam'iyyar ya manne mata, aka daina cewa Hajaratu, sai Gambo Sawaba. Ba da daɗewa ba aka zaɓe ta shugabar mata ta NEPU.

Aikin da ta iya, wanda babu namijin da zai iya shi, shi ne shiga gida. Ɗan siyasa namiji iyakarsa zaure. Ita kuwa sai ta yi sallama ta wuce har tsakar gida, ta zauna a kan tabarma tare da matan da ke surfe ko kaɗi ko tsefe wa yara kai. A nan take yi musu bayanin inda kuɗin harajin mazajensu ke tafiya, da dalilin da ya sa ya kamata 'ya mace ta yi karatu, da illar aurar da yarinya kafin jikinta ya yi ƙwari, da haƙƙin mace ta faɗi wanda take so ya mulke ta. Matan da ba su taɓa zuwa lacca ba, lacca ta same su a bakin murhu.

Da yake matan aure na kulle, waɗanda suka fara fitowa fili a jam'iyyun wancan zamani yawancinsu zawarawa ne da 'yan kasuwa da mata masu zaman kansu. Abokan hamayya suka mai da wannan makami: duk macen da aka gani a taron siyasa sai a jefe ta da kalmar karuwa. Gambo ta sha wannan jifa iya shan ta, ba ta fasa ba.

Ta kuma nemi ilimin gwagwarmaya wurin waɗanda suka riga ta. Ta yi tattaki har Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, matar da ta jagoranci dubban mata suka yi bore kan harajin da aka ɗora musu, har Alake na Egba ya sauka daga gadon sarauta na wani lokaci a 1949. Abin da Gambo ta gani a can ya tabbatar mata cewa matan kasuwa da ba su yi boko ba za su iya girgiza hukuma in suka haɗa kai.

Kano, 1952

Jam'iyya ta tura ta Kano a 1952 don ta jawo mata. Labarin abin da take yi ya kai kunnen hukuma, aka kama ta, aka gurfanar da ita gaban alƙali bisa zargin fitar da matan kulle daga gidajensu. Aka ɗaure ta wata uku. Tana da shekara 19, ga 'yar ƙaramar yarinya ta bari a gida. Da ta fito, maimakon ta yi shiru, sai ta shiga bayyana wa jama'a irin ƙazanta da wulaƙancin da ta gani a gidan yari. Hukumar En'e ta Kano ta ba da umarnin ta bar garin, aka raka ta aka mai da ita Zariya.

Wannan shi ne na farko. Kafin ta ajiye siyasa an ɗaure ta sau 16, a gidajen yarin Kano da Zariya da Kaduna da Jos. Har ta kai ga in za ta fita lacca takan tafi da shirin kwana, don ta san ba lalle ta dawo gida ba.

Ɗaurin ma da sauƙi a kan abin da ta gamu da shi a waje. Shekarun 1950 su ne zamanin 'yan Mahaukata, ƙungiyar 'yan daba da ta addabi magoya bayan NEPU a Kano, kuma kowane gari yana da irin nasa. An yi mata bulala a bainar jama'a. An aske mata kai da fasasshiyar kwalba. Akwai ranar da wasu ƙarti shida suka tare ta suka yi mata dukan kawo wuƙa, suka jefar da ita a daji suna zaton ta mutu. Ta rasa haƙoranta na gaba. Raunin da ta samu a cikinta ya kai ga yi mata tiyata a 1957, tiyatar da ta raba ta da haihuwa tana da shekara 24 kacal. Rima Shawulu ya tattara da yawa daga cikin waɗannan abubuwa a littafin tarihinta da ya wallafa a 1990, tana raye.

Ya kamata mai karatu ya tsaya a nan ya yi tunani. A al'adarmu gashin mace mutuncinta ne, haihuwa kuma ita ce abin da ake auna darajarta da shi a gidan miji. Waɗanda suka yi mata wannan aika-aika sun san abin da suke taɓawa. So suke sauran mata su gani su ji tsoro. Sai ga shi duk lokacin da ta warke, ɗankwali take ɗaurawa ta koma dandamali.

Ƙuri'ar da aka hana shekara 20

Babbar buƙatarta ita ce a ba matan Arewa damar zaɓe. A Jihar Gabas mata sun fara jefa ƙuri'a a 1954. A Jihar Yamma matan da ke biyan haraji sun samu a 1955. A zaɓen tarayya na 1959, wanda ya kai ƙasar ga samun 'yancin kai, duk baligar mace a Kudu tana da ƙuri'a. A Arewa kuwa jam'iyya mai mulki, NPC, ta tsaya kai da fata cewa lokaci bai yi ba, al'ada da addinin jama'a ba za su ɗauka ba. NEPU ce ta riƙe matsayin a ba mata haƙƙinsu.

A 1956 Gambo ta jagoranci mata zuwa ofishin Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, a Kaduna, suka gabatar da kukansu. An saurare su, amma doka ba ta canja ba. Sardauna ya yi wa Arewa ayyukan da ba za a manta da su ba, sai dai a kan wannan batu tarihi ya nuna Gambo ce ke da gaskiya.

Hujjar al'ada da addini ba ta da ƙarfi in aka dubi maƙwabta. A wannan shekara ta 1956 Faransa ta yi dokar da ta ba kowane baligi, mace da namiji, damar zaɓe a ƙasashen da take mulka a Afirka. Ma'ana, Bahaushiyar Damagaram da ta Maraɗi, masu harshe ɗaya da addini ɗaya da tufafi iri ɗaya da matan Ɗanbatta, sun samu ƙuri'a tun a lokacin. Wanda ya bi hanyar Kazaure da Daura, cikin 'yan sa'o'i zai tsallaka iyaka ya tarar da su. Ba a ji aure ya mutu a can saboda mace ta yi zaɓe ba.

Tarihin ƙasar nan ma yana da nasa misali. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata a gidajensu. Manyan Daular Sakkwato suna jin shawararta. Kafin ita kuma, duk ɗalibin sira ya san yadda shawarar Uwar Muminai Ummu Salama ta warware matsala a ranar Hudaibiyya. Shigar mace cikin al'amuran jama'a ba baƙon abu ba ne a Musulunci.

Duk da haka aka karɓi mulkin kai a 1960 ba tare da ƙuri'ar matan Arewa ba, aka yi Jamhuriya ta Farko har ta rushe a Janairun 1966 ba tare da ita ba. Sai a 1976, ƙarƙashin gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo, lokacin da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, matan Arewa suka fara zaɓe. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da haƙƙin ga kowa. Shekara 20 ke nan bayan tattakin Kaduna. Yarinyar da aka ɗaure tana da shekara 19 sai da ta haura 40 kafin ta jefa ƙuri'arta ta farko.

Jamhuriya ta Biyu

Da aka dawo siyasa a 1978, tsofaffin 'yan NEPU da yawa suka bi Malam Aminu Kano zuwa PRP. Gambo ta zaɓi GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mai taken siyasa ba da gaba ba, inda ta kai matsayin mataimakiyar shugaban jam'iyya na ƙasa. A lokacin samun mace 'yar Arewa a irin wannan kujera abu ne da ba a saba gani ba.

Irin da aka shuka a shekarun 1950 ya fara tsiro a Kano. Matan da aka ce ba za su fito ba sun fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu a 1979, kuma ƙuri'unsu na cikin abin da ya ɗora PRP a kan mulki, Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna, ya soke haraji da jangali, abin da NEPU ta daɗe tana kira a kai. Sunayen mata irin su Hajiya Asabe Reza suka yi tashe a dandamalin siyasar jihar. A 1983 Malam Aminu Kano ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa, kafin Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu na shekarar. A zaɓen wannan shekara ne Kano ta tura Hajiya Kande Balarabe Majalisar Wakilai ta tarayya. Watanni kaɗan bayan haka soja suka sake karɓe mulki.

Gambo ba ta taɓa zama kwamishina ko minista ko 'yar majalisa ba. A 1998 ta sanar da cewa ta bar siyasa, tana kukan yadda kuɗi suka maye gurbin aƙida.

Gidan da ba a rufe ƙofarsa

Waɗanda suka san gidanta a Sabon Garin Zariya sun san shi da cikar jama'a. Ita da ta haifi 'ya ɗaya, ta raini 'ya'yan wasu da yawa, marayu da waɗanda aka yasar, Musulmi da Kirista. Makafi da kutare da masu taɓin hankali suna da rabo a tukunyarta. Abin da ta samu daga 'yar sana'arta da abin da masoya suka kawo mata, a nan yake ƙarewa. Ba ta tara ba, ba ta bar dukiya ba.

Ta rasu a watan Oktoba na 2001 a Zariya, tana da shekara 68. An sa wa babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta, haka ma ɗaya daga cikin gidajen kwanan ɗalibai mata na Jami'ar Bayero. A 2012 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya shirya fitar da takardar Naira 5,000 mai ɗauke da hotonta tare da na Funmilayo Ransome-Kuti da Margaret Ekpo, amma aka dakatar da shirin bayan ce-ce-ku-cen da ya biyo baya.

Rabin gado

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe a ƙauyukan Ɗanbatta ya san yadda abin yake. Tun da sanyin safiya mata suke fitowa, bayan sun ɗora koko sun sallami yara. Su taru a harabar makarantar firamare, layinsu daban da na maza, hijabai kala-kala, wata da goyo a baya, wata da katin zaɓe ƙulle a bakin zane, tsohuwa ta samu gindin darbejiya ta zauna tana jiran a zo kanta. Rana ta take, na'ura ta ƙi karanta yatsan da aikin gyaɗa da wanke-wanke suka cinye, su jira. Sau da yawa layin maza ya watse, nasu yana nan. Kowane ɗan takara ya san wanda mata suka yi wa ruwan ƙuri'a ya gama cin zaɓe.

To, amma ina suke bayan an rantsar? Majalisar Dokokin Jihar Kano tana da kujeru 40, kuma zaɓen 2023 bai kai mace ko ɗaya cikinta ba. Kujerun jihar 24 na Majalisar Wakilai da 3 na Majalisar Dattawa duk maza ne suka hau. Tun da aka ƙirƙiri jihar a 1967 mace ba ta taɓa zama gwamna ko mataimakiyar gwamna ba. A tarayya, sanatoci mata 4 ne cikin 109, a Majalisar Wakilai kuma ba su kai 20 ba cikin 360. Mata ne ke surfe, su yi daka, su tuƙa tuwon, amma in an zo rabo sai a ce su koma ɗaki su jira.

Akwai 'yan alamun sauyi. Dakta Hadiza Balarabe ta zama mataimakiyar gwamnan Kaduna a 2019. Sanata Aisha Alhassan a Taraba a 2015 da Sanata Aisha Binani a Adamawa a 2023 sun yi takarar gwamna da ta girgiza jihohinsu. A Kano, zaɓen ƙananan hukumomi na Oktoban 2024 ya ba Hajiya Sa'adatu Yusha'u shugabancin ƙaramar hukumar Tudun Wada. Amma a jihar da ke da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, wannan bai kai a ce an fara ba.

Dalilan a fili suke. Na farko kuɗi: a 2022 jam'iyyar APC ta sa fom ɗin takarar majalisar jiha a kan Naira miliyan 2, na Majalisar Wakilai miliyan 10. An yi wa mata rangwame, amma fom shi ne mafi ƙanƙantar kashewa, domin daliget suna jira, 'yan jagaliya suna jira. Na biyu, ainihin shawarar wanda za a tsayar cikin dare ake yanke ta a falon wani jagora, lokacin da matar aure ba za ta iya fita ba. Na uku, kalmar nan da aka jefi Gambo da ita har yau tana bakin mutane, ta koma ma wayar hannu inda take yaɗuwa cikin minti ɗaya. Na huɗu, jam'iyyu sun ware wa mata kujera guda, ta shugabar mata, wadda aikinta ya taƙaita ga tara jama'a, fitar da anko, rangaɗa guɗa, da rabon atamfa da taliya da sabulu ana gobe zaɓe.

Dokar da za ta gyara wannan ma an ƙi yin ta. Manufar ƙasa ta 2006 ta tanadi kashi 35 cikin 100 na muƙamai ga mata, kuma a Afrilun 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta aiwatar. Wata guda kafin nan, ranar 1 ga Maris, Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurori biyar da suka shafi mata, ciki har da na ware musu kujeru. Alhali Jamhuriyar Nijar ta yi dokar kaso tun 2000, Sanagal kuma, ƙasar da Musulmi suka fi kashi 90 cikin 100, ta yi dokar raba takara daidai a 2010, yanzu mata sun haura kashi 40 cikin 100 na majalisarta.

Asarar ba ta mata kaɗai ba ce. A majalisar jiha da ta ƙaramar hukuma ake yanke nawa za a kashe wa ɗakin haihuwa, ko za a ɗauki ungozoma a asibitin ƙauye, ko za a gyara famfon da yara mata ke tafiya mai nisa saboda lalacewarsa, ko makarantar 'yan mata za ta samu katanga da banɗaki. Macen da ta taɓa naƙuda a bayan babur a kan hanyar zuwa babban asibitin Ɗanbatta ta fi kowa sanin abin da ya kamata a sa a gaba. Kuma ba a rasa masu iyawa ba. Uwar adashin da ke riƙe kuɗin mata 30 ba a taɓa samun ta da cin ko sisi ba, da mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ke aika kaya kasuwar Lahadi, da malamar Islamiyya, da ma'aikaciyar jinya, da ɗalibar Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, kowace cikinsu za ta iya riƙe kujerar kansila.

Kira

Ga shugabannin jam'iyyu na Kano, musamman masu ɗaga hoton Malam Aminu Kano a kowane taro: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kun ci ƙuri'ar mata, ku ba su takara a mazaɓun da kuka san za ku ci, ku kuma mai da tarukan yanke shawara zuwa rana. Ga 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya, in batun ware wa mata kujeru ya zo gabanku, ku tuna da waɗanda suka tsaya muku a layi. Ga malamai, ku faɗa wa jama'a daga kan mumbari cewa yi wa mace ƙazafi babban zunubi ne, ko 'yar siyasa ce ko ba 'yar siyasa ba. Ga hukumomin ilimi, a sa tarihin Gambo Sawaba a darasin firamare da sakandare, cikin Hausa. Ga iyaye da mazaje, in 'yarku ko matarku ta nuna tana da abin da za ta yi wa jama'a, ku zama na farko da za ku raka ta.

Ku kuma iyayenmu mata da 'yan uwanmu na mazaɓu 10 na Ɗanbatta da sauran ƙasar Kano, wannan kati da ke hannunku da jini da haƙora da ɗauri 16 aka saye shi. Kada ku sayar da shi a kan turmin atamfa. Ku tambayi mai neman ƙuri'arku abin da zai yi wa asibitinku da makarantar 'ya'yanku, kuma in zaɓen kansila ya zo, ku fitar da ɗaya daga cikinku ku mara mata baya. Allah Ya jiƙan Hajiya Gambo Sawaba, Ya sa Aljanna ce makomarta, amin.